Birkin Tsohuwar Jif: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Nissan Pathfinder ƙirar 2001. In na tsaya a danja ƙafata na kan birki, sai ya riƙa nutsewa a hankali har ƙasa. Fita (makanike) ya canza fad ɗin birki, bai daina ba. Yanzu ya ce masta ce, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, in zaɓa: sabuwa, ko hom-yus (wadda aka ciro daga tsohuwar mota) daga Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi, ko a canza robobin ciki. Wanne zan yi? (Alhaji, Aboabo)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kuɗin fad dai sun riga sun tafi, don cinyewar fad ba ta sa birki ya riƙa nutsewa mota na tsaye. Kafin ka sake zaro ko sidi ɗaya, buɗe bonet ka duba kwalbar man birki, ka sa alama a inda man ya tsaya. Tayar da mota, ka danne birki ka riƙe kamar rabin minti, ka maimaita, sannan ka sake dubawa. In man ya ragu, yoyo ne. Leƙa bayan kowace taya ka nemi danshi, musamman na baya, tunda motarka durom ne a baya, kuma 'yan silindodin da ke ciki suna zubar da mai in sun tsufa. Duba tiyo, ka kuma shafa ƙarƙashin masta inda ta haɗu da busta, wato babban gwangwanin da ke bayanta. In fentin wurin ya saɓule, ta nan man ke bi.

In kuwa mai bai ragu ba amma birki na nutsewa, fitanka ya yi gaskiya: robobin masta sun saki, man yana zagaye su ta ciki.

Ni dai ba na ƙin hom-yus. Ƙofa, fitila, bamba, duk ka saya a Magazine hankali kwance. Amma masta da aka ciro daga motar da ta haura shekara 20, robarta sa'ar taka ce, kuma ba wanda ya san tsawon lokacin da ta yi a bushe kan kanta. Canza roba yana yi, da sharaɗi ɗaya: a kwance mastar a gabanka, ka haska cikinta. In ka ga tsatsa ko ƙananan ramuka, za su yaga sabuwar robar ba da jimawa ba. A nan sai sabuwa. Ka tafi da lambar shasi da tsohuwar mastar a hannu, don ta mai ABS da ta marar ABS ba lallai su zo ɗaya ba. A cire mata iska tun kafin a ɗaura, sannan a bi ƙafafu huɗu, su ma a cire musu iska. Kafin nan, don Allah motar ta huta a gida.

Tambaya: Ina ɗauko doya da masara daga Ejura a tsohuwar Prado. A gangaren Mampong birki yakan yi laushi, ga ƙauri, ga sitiyari na rawa. In sayi sabon diski ko a kankare wannan? (Hajiya, Asawase)

Amsa: Hajiya, matsala biyu ce. Laushin daga mai yake. Man birki yana shan danshin iska, ƙasarmu kuma ga damina. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yakan tafasa a wajen 155. Da ya tafasa sai ya zama tururi, ki taka ki ji wayam. A zubar da shi duka a sa sabo, duk shekara 2. Kuma direbanki ya riƙa sauka da ƙaramar giya, inji ya taya birki riƙe kayan. Kada ya watsa wa taya ruwa tana da zafi, yadda wasu ke yi a ƙasan tudu.

Rawar sitiyari kuma diski ne. A jikinsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. A auna. In bayan kankara kaurinsa zai sauka zuwa wannan lambar ko ƙasa da ita, saya za ki yi, guda biyu tare, hagu da dama, da sabon fad. Motar da ke dakon buhuna ba ta son siririn diski, ya fi saurin ɗaukar zafi. In kun tsaya, kusantar da hannu wajen tayoyin gaba ba tare da taɓawa ba. In ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, kalifa, wadda ke matse fad a jikin diski, ta cije, a gyara ta, in ba haka ba sabon diskin ma zai lalace.

Tambaya: Wani mai shago ya ce man birki DOT 5 ya fi, tunda lambarsa ta fi girma. (Ɗan'uwa, Sabon Zongo)

Amsa: A'a. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da DOT 3 ko 4. Karanta abin da ke rubuce a murfin kwalbar motarka ka sayi shi, kuma a rufaffen gwangwani, ba wanda aka ɗura a robar ruwa ba.