Motar Lantarki Da Sabuwar Manhaja: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon sun fi yawa daga masu motocin lantarki waɗanda suka wayi gari suka tarar motarsu ta sauya hali bayan kamfani ya turo sabuwar manhaja ta intanet cikin dare.

Wata malama ta rubuto cewa tun da aka sabunta manhajar motarta, idan ta kunna tsarin taimaka wa direba a kan babbar hanya, sai motar ta taka birki da kanta alhali babu komai a gabanta, musamman idan za ta wuce ta ƙarƙashin gada. Tana tambaya ko motar ta lalace ne, ta sayar da ita ta huta.

Malama, ki kwantar da hankalinki, tsoron da kika ji yana kan hanya, kuma ba ke kaɗai ba ce. A watan Fabrairun 2022 hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka ta buɗe bincike kan motocin Tesla kimanin 416,000 bayan ta karɓi koke 354 na irin wannan birki na ba-gaira-ba-dalili, kuma hakan ya biyo bayan matakin da kamfanin ya ɗauka a 2021 na daina sa na'urar rada, mai auna nisan abin da ke gaban mota, a wasu motocinsa, ya dogara da kyamara kawai. Kyamara hoto take ɗauka, manhaja ce take hasashen abin da hoton yake nufi, saboda haka inuwar gada ko babbar motar da ke tahowa a ɗaya hannun tana iya zame mata abin da za a yi karo da shi. Haɗarin da ya fi kusa da ke a nan shi ne wanda ke bin ki a baya. Ki riƙa ajiye ƙafarki kusa da totur domin ki maido da gudun motar da zarar ta fara ja baya, ki goge gilashin da ke gaban kyamarori, ki kashe tsarin gaba ɗaya a kan titi mai hannu biyu da ba a raba shi ba, sannan ki rubuta wuri da lokacin da abin ya faru ki kai wa kamfanin. Ban ga dalilin sayar da motar ba tukuna.

Wani ya tambaya ko ya daina karɓar sabuntawa kwata-kwata. A'a, Malam, domin gyaran da ya shafi rai ma ta wannan hanyar yake zuwa yanzu. Amma kada ka zama na farkon dannawa. A watan Nuwamban 2023 kamfanin Rivian ya turo manhajar da ta kashe babban allon wasu motocinsa, sai da ya dakatar da ita. Ka jira 'yan kwanaki ka ji abin da wasu suka gani, ka karanta bayanin da ke zuwa da ita, kuma kada ka sabunta a daren da za ka yi doguwar tafiya da safe, domin a yawancin motoci abin da ka karɓa ba ka da ikon mayar da shi.

Sai wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wani matashi ya ce tun da aka sabunta motarsa ta dame shi da ƙara tana cewa ya riƙe sitiyari, don haka yana so in zaɓa masa tsakanin ƙarafa biyu masu nauyi da ake sayarwa a intanet, waɗanda ake maƙalawa a sitiyari domin motar ta ɗauka hannun direba yana kai. Har da tambayar wanne ne na asali, wanne ne jabu.

Ɗana, duka biyun jabu ne, domin aikinsu shi ne yi wa motarka ƙarya. Motar ba ta ganin hannunka, ɗan jan da hannu yake yi wa sitiyari take ji, shi ya sa dunƙulen ƙarfe yake iya yaudararta. Ƙarar da kake kuka da ita kuwa da gangan aka ƙara ta. A watan Disamban 2023 Tesla ta yi kiranye ga motoci sama da miliyan 2 a Amurka domin a gyara su, saboda hukuma ta ga matakan tabbatar da hankalin direba yana kan titi ba su wadatar ba, kuma gyaran da aka yi shi ne ƙarin gargaɗi da dakatar da tsarin ga wanda ya yi ta kunnen ƙashi. A watan Afrilun 2024 hukumar ta bayyana cewa ta gano aƙalla haɗurra 13 da aka rasa rai waɗanda sakacin direba da Autopilot, tsarin taimaka wa direba na Tesla, ya taka rawa a cikinsu. Tun a 2018 ma ta hana sayar da wani ƙarfe irin wanda kake nema. Kai kuma kuɗinka za ka ɗauka ka saya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sunayen talla suka shiga kan mutane. Masana sun kasa tuƙin mota zuwa matakai daga 0 zuwa 5, kuma tsarukan Tesla na Autopilot da Full Self-Driving da ake sayar wa jama'a a mataki na 2 suke, wato motar tana iya riƙe layi da daidaita gudu, amma alhakin tuƙi yana wuyan direba a kowane daƙiƙa. Ko tsarin Drive Pilot na Mercedes, wanda Jamus ta amince da shi a ƙarshen 2021 a matsayin mataki na 3, inda motar ke karɓar tuƙi a wasu yanayi, da farko an iyakance shi ne ga gudun kilomita 60 a awa a kan wasu manyan hanyoyi. A watan Mayun 2016 a jihar Florida wata Tesla ta shige ƙarƙashin farar tirela da ke tsallaka titi, domin tsarin Autopilot bai bambanta farin jikinta da hasken sama ba, direban ya rasu. Motar da ke gudun kilomita 110 a awa tana cin kimanin mita 30 a daƙiƙa guda. Idan ka duba wayarka na daƙiƙa 3 ka shafe mita 90 idonka ba ya kan hanya, kuma a cikin wannan tazarar akwai mai gyaran taya a gefen titi da motar agaji da ta tsaya, waɗanda ba su yi yarjejeniya da kai cewa za a gwada ƙarfenka a kansu ba. Ka kuma tuna cewa motar tana ajiye bayanan tuƙinka, kuma ranar da abu ya faru kamfanin inshora da 'yan sanda za su nemi sanin abin da ke maƙale a sitiyarin. Idan riƙe sitiyari ya gajiyar da kai, ka tsaya ka huta.

Wani dattijo ya ce bayan sabuntawa nisan da allo ke nuna masa idan batir ya cika ya ragu, yana zargin an rage masa batir. Baba, zarginka ba shirme ba ne, an taɓa yi: a 2021 Tesla ta amince ta biya dala 625 ga kowane ɗaya daga masu motarta ƙirar Model S su 1,743 saboda wata manhaja ta 2019 da ta rage wa batirinsu caji na wani lokaci. Sai dai sau da yawa lissafin allon ne aka gyara, batirin yana nan yadda yake, kuma sanyi ma yana rage nisa. Ka auna kilomitocin da kake yi a zahiri a kan hanyar da ka saba kafin ka kai ƙara, kuma ka nemi a ba ka sakamakon gwajin batir a rubuce tun garanti bai ƙare ba.

Na ƙarshe yana shirin sayen motar lantarki ta hannu, mai ita ya ƙara kuɗi saboda wai tana da tsarin tuƙa kai. Malam, ka shiga motar ka buɗe allo ka ga ko tsarin saye aka yi ko haya ce ta wata-wata da za ta yanke ranar da aka sauya suna, ka kuma tambayi kamfanin ko yana bin motar ne ko yana bin asusun tsohon mai ita. Ka biya kuɗin abin da motar ta yi a gabanka ranar gwaji. Alkawarin cewa manhaja mai zuwa za ta sa ta tuƙa kanta kuwa, kada ka ba da ko sisi a kansa.