Kofi ba sukari, amma sukarin jini ya hau

Malam, ka ce kofi baƙi ka sha, amma na'urar gwaji ta nuna sukarinka ya hau. Hakan na faruwa. Hanta tana da rumbun sukari, glaikojin. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi yana tayar da adirenalin, wato sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita, shi kuma ya sa hanta ta buɗe rumbun ta zuba sukari cikin jini. Sannan insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ba ya aiki sosai na ɗan lokaci, abin ya fi bayyana ga mai ciwon sukari. Hantar ce kuma ke narkar da kafeyin, rabinsa kan ɗauki kusan awa 5.

Kar ka manta da goro, akwai kafeyin a ciki sosai. Gwada jininka kafin ka sha, ka sake bayan awa 2, ka nuna wa likitanka.