Abin da ke sa mu zuba kuɗinmu a sakandaren gwamnati

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya cewa tunda sakandaren ta gwamnati ce, ita ta gina ta, ita ke biyan malamai, me ya kai tsofaffin ɗalibai da iyaye da 'yan kasuwa suna zuba kuɗinsu a ciki? Ka kuma ce kana tsoron kada a saba wa gwamnati da naɗe hannu. Na daɗe ina riƙe da asusun ƙungiyar 'yan ajinmu, na kuma zauna a kwamitin iyaye da malamai na makarantar da 'ya'yana suka yi, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Da farko ya kamata ka san inda giɓin yake. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, wato firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku, kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na Abuja. Babbar sakandare, daga SS1 zuwa SS3, ba ta cikin wannan rabo. Harajin ilimi kuma da aka ɗora wa kamfanoni tun 1993, da can yana isa firamare da sakandare, amma daga 2011 da aka mayar da asusun TETFund, sai ya koma na jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha kaɗai. To babbar sakandare ta zauna a tsakiya tana jiran abin da jiha ta ga dama, alhali a nan ne yaro ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, a nan zai rubuta WAEC da NECO da JAMB. Jiha kuwa idan ta biya albashi, abin da ya rage na gyara da alli da man janareto ba ya kai wa ko'ina.

Mu tsofaffin ɗalibai, gaskiyar magana bashi muke biya. A zamaninmu, ɗan manomi daga ƙauye zai shiga makarantar kwana da ƙaramin akwati, gwamnati ta ba shi kayan makaranta da littattafai da sabulu, ta ciyar da shi sau uku a rana, idan an yi hutu ta ba shi kuɗin mota. Mahaifina ba shi da halin biya mini ko zango ɗaya na irin karatun da na samu. Yau a cikin 'yan ajinmu akwai likita, akwai injiniya, akwai alƙali, akwai wanda ya yi ritaya yana darakta, kuma kowa ya san daga inda ya taso. Ranar da muka kai ziyara muka tarar da ɗakin kwanan da muka zauna babu silin, tagogi babu marfi, yara suna ɗebo ruwa daga wajen katanga, babu wanda ya tsaya yi wa kowa wa'azi. Wani dattijo a cikinmu idonsa ya ciko, ya ce a buɗe asusu a ranar.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai zumunci a ciki, akwai kuma kishi. Idan 'yan ajin da ke gabanmu suka gyara ɗakin karatu aka rubuta shekararsu a bango, mu ma ba za mu yarda a bar mu a baya ba. Wasu suna ganin wannan aibi ne. Ni ban gan shi haka ba, domin gasar da ke ƙarewa da rijiyar burtsatse a makaranta gasa ce mai albarka. Kuma yawancinmu mun kai shekarun da mutum ke tunanin abin da zai tarar. Kowa ya san hadisin da ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, a cikinsu akwai sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi. Wanda ya gina aji ya haɗa biyun a wuri guda. Na sha karɓar kuɗi daga mutum yana cewa in rubuta da sunan mahaifiyarsa da ta rasu.

Lamarin iyaye daban ne, kuma shi ya fi taɓa ni. Tsohon ɗalibi yana bayarwa ne daga abin da ya rage masa, uba kuwa daga abin cefanensa yake cirewa. Dalilinsa ɗaya ne: ɗansa ba zai iya jira ba. Idan iska ta yaye kwanon aji a farkon damina, shugaban makaranta zai rubuta wa ofishin shiyya, shiyya ta rubuta wa ma'aikata, a jira a sa a kasafin kuɗi, a jira a saki kuɗin, a ba da kwangila. Ko kowa ya yi aikinsa da gaskiya, shekara na iya wucewa. Yarinyar da ke SS3 kuwa watanni kaɗan suka rage mata ta shiga jarrabawa, kuma wannan shekarar ba za ta dawo ba. Shi ya sa za ka ga mai faci da mai shayi da bazawara mai sayar da ƙosai sun yi karo-karo sun sayi bandir ɗin kwano. A makarantar 'ya'yana akwai lokacin da aka yi wa malamin lissafi canjin wurin aiki ba a turo wani ba. Iyaye suka zauna suka ɗauki wani matashi da ya gama digiri yana zaune a unguwa, suna biyansa ɗan abin da ya samu a wata. Irin waɗannan su ake kira malaman PTA, wato na ƙungiyar iyaye da malamai, kuma makarantu da yawa da su suke tsaye.

Dubi maganar kwamfuta ma. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa dafa linzamin kwamfuta ba, ko ya haddace littafin, hannunsa rawa zai yi a ɗakin jarrabawa, lokaci ya ƙure masa. Uban da ya ga haka ta faru da babban ɗansa, ba sai an roƙe shi ba idan aka ce za a sayi kwamfutoci da sola saboda ƙannen.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun kafin boko, iyaye ke kai kuɗin Laraba ga malamin allo, unguwa ke ciyar da almajirai, ana yi wa malam gayyar noma. Makaranta dama kan jama'a take. Boko ne ya zo da tunanin cewa komai na gwamnati ne, kuma a shekarun da kuɗin mai ya yi yawa, lokacin da aka ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, tunanin ya yi daidai da abin da mutane ke gani. Yawan yara ya ninka, kuɗin bai bi shi ba.

'Yan kasuwa kuwa kashi-kashi ne. Manyan attajirai sun fi karkata ga jami'a, kamar yadda Aliko Dangote ya gina makarantar koyon kasuwanci a Jami'ar Bayero da ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda ke waiwayar sakandaren unguwa yawanci mai gidan bulo ne, ko mai gidan mai, ko mai kemis, ko wani Alhaji a Kantin Kwari ko Dawanau da ya taso a layin. Wani don Allah yake yi, har ya ce kada a ambaci sunansa. Wani yana son a ga sunan shagonsa a jikin tankin ruwa, kuma ban ga laifinsa ba muddin tankin na zuba. Wani lissafi ya yi: yaran nan su ne za su zama yaran shagonsa da masu riƙe masa littafin ciniki, kuma idan suka watse daga makaranta suka koma zaman majalisa da shaye-shaye, ƙofar shagonsa za su zauna. Wanda nake taka-tsantsan da shi shi ne mai zuwa gab da zaɓe da masu ɗaukar hoto, ya yi alƙawarin gini, ya aza tubali ɗaya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Mun koyi cewa irin wannan a karɓi kaya a hannu, siminti ko benci, kada a karɓi alƙawari.

Abin da na fi tabbata da shi a duk shekarun nan shi ne, mutane ba rowa ke hana su bayarwa ba, rashin yarda ne. Akwai shekarar da aka tara kuɗi a wata makaranta aka damƙa wa mutum ɗaya, aka yi fenti a gaban gini, sauran kuɗin ba a ji bayaninsu ba. Sai da aka yi shekaru ana kiran taro ba a samun mutum goma. A ƙungiyarmu mun kafa ƙa'ida: asusu a banki da sa hannun mutum uku, ba a ba wa kowa tsabar kuɗi, mu da kanmu muke zuwa kasuwa mu sayi kaya, kowane rasit a ɗauki hotonsa a tura wa kowa ta WhatsApp, kuma kafin mu zaɓi aiki sai mun zauna da shugaban makaranta da malamai da shugabannin ɗalibai. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Mu mun je da niyyar gina babbar ƙofa mai kyau, 'yan mata suka ce abin da ke sa su fashin makaranta rashin banɗaki da ruwa ne. Banɗakin muka gina. Daga ranar da aka ga hoton aikin, waɗanda suka yi shiru a baya suka fara turo nasu.

Tsoron da ka ambata kuwa yana da tushe, ba zan raina shi ba. Akwai abin da gudummawa ba za ta taɓa yi ba. Ba za mu iya ɗaukar malamai ɗari mu biya su albashi da fansho ba, ba za mu iya ciyar da makarantar kwana shekara guda ba. Wannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma jihar Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wanda ke nuna girman abin. Amma a abin da na gani, makarantar da ke da ƙungiya mai rai ita ce gwamnati ke jin muryarta. Wanda ya sa kuɗinsa a gini shi ke da bakin zuwa ma'aikata ya ce mun yi rufi, ku turo malamin kimiyya. Idan wani ya so yanka filin wasan makaranta ya yi shaguna, tsofaffin ɗalibai ne ke fara tsayawa. Makarantar da babu mai leƙa ta ita ake cinye wa fili a ɓoye.

Damuwata ta fi karkata wani wajen. Kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921 kafin ta koma Kaduna sannan Zariya, ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari da Gowon da Murtala da Umaru 'Yar'aduwa. Kwalejin Rumfa a Kano, da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, duk suna da manyan mutane da ƙungiyoyi masu ƙarfi, Allah Ya ƙara musu. Amma sakandaren jeka-ka-dawo da aka buɗe a ƙauye shekara goma sha biyar da suka wuce fa? Tsofaffin ɗalibanta har yanzu neman aiki suke, iyayen yaran manoma ne, babu kamfani a kusa. Ita ta fi kowa buƙata, ita ce kuma ba ta da mai tuna ta. Makarantun 'yan mata ma haka, domin da yawa daga waɗanda suka gama aure ya kai su wasu garuruwa, haɗa su yana da wuya. Shi ya sa nake ta roƙon 'yan ajinmu mu riƙa ware wani kaso na abin da muka tara mu kai wa wata makarantar ƙauye da ba tamu ba. Wasu sun amince, wasu har yanzu muna tattaunawa.

Idan an kawo maka takardar neman gudummawa ne ya sa ka yi tambayar, Malam, ka je makarantar da ƙafarka a ranar karatu, ka shiga aji, ka leƙa banɗaki. Ka tambayi wane aiki za a yi, nawa zai ci, su wa ke sa hannu a asusun, kuma ina bayanin kuɗin bara. Ka tambaya ko ana korar yaron da iyayensa ba su biya ba, domin idan ana yi, wannan ya zama kuɗin makaranta ta bayan gida, kuma ya kamata ka yi magana a kai a taron iyaye. Idan amsoshin sun gamsar da kai ka ba da abin da za ka iya, sannan ka nemi a sa ka cikin waɗanda za su kai takardar neman ƙarin malamai ma'aikatar ilimi.