Injin tuƙin kwale-kwale: a zabura ko a bi sannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 42, wata uku ke nan ina zuwa gidan motsa jiki, kuma injin tuƙin kwale-kwale na fi so. Matashin da ke kula da wurin ya ce kullum in yi minti 15 da iyakar ƙarfina, wai dogon tuƙi ɓata lokaci ne. Abokina kuma ya ce sai minti 45 a hankali. Maganar wa zan ɗauka? Sannan ina son sayen nawa in ajiye a gida, wane iri ya dace? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, sai dai rabin abokinka ya fi girma.

Tseren da ake auna masu tuƙi da shi mita 2,000 ne, a kan ruwa ko a kan inji. Gwanaye na kammala shi cikin minti shida zuwa bakwai. Kana gani za ka ce zabura ce zalla, amma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da jiki ke kashewa a ciki, daga iskar da huhu da zuciya ke kai wa tsoka yake fitowa. Wannan kuwa dogon tuƙi a natse ne ke gina shi. Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke aiki a Norway, ya bi diddigin atisayen manyan 'yan wasan juriya, ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 a sauƙaƙe suke yi, kashi 20 kacal suke matsa wa kansu.

Inda yawancinmu ke faɗawa shi ne tsakiya. Ranar sauƙi mutum ya ga na kusa da shi yana ja da ƙarfi, sai ya ji kunya ya ƙara. Ranar wuya kuma ta zo, ƙafafu sun riga sun yi nauyi. Kullum gumi, kullum haki, lambar da ke allon kuma tana nan inda take.

Idan sau huɗu kake zuwa a mako, ba wa tuƙin sannu kwana uku: minti 30 zuwa 45, ja 18 zuwa 22 a minti. Ma'auninsa hira. In ba ka iya amsa gaisuwa har ka tambayi mutan gida ba tare da numfashi ya katse ba, ka wuce gona da iri, sassauta. Kwana na huɗu na zabura ne. Ɗumama jiki minti 10, sannan ka yi mita 500 da ƙarfi, ka huta minti uku kana ja a hankali, ka maimaita sau huɗu. Bayan 'yan makonni ka kai shida. Kada na farko ya fi na ƙarshe sauri. Wanda ya zuba komai a zagayen farko, a na uku za ka gan shi ya sunkuya yana kallon ƙasa.

Lura da lambar da ke tsakiyar allo, wato lokacin da za ka ci mita 500. A injin kamfanin Concept2, 2:00 (minti biyu) daidai yake da wat 203 (wat ma'aunin ƙarfi ne), amma 1:45 ya kai wat 302. Daƙiƙa 15 kawai, ƙarfi ya ƙaru da kusan rabi. Saboda haka kada ka raina daƙiƙa biyu in ka rage su.

Sai ɗan hannun nan na gefen fankar injin mai lamba 1 zuwa 10, wanda ke ƙara ko rage nauyin ja. Kusan duk inda na shiga a kan 10 nake tarar da shi, wai alamar jarumta. Masu tuƙi na gaske tsakanin 3 da 5 suke barinsa. Ƙafa ce ke turawa, baya ya biyo, hannu ya ƙarasa. In ka bar hannun fankar a sama ka yi ta fizga da baya, ciwon ƙugu kake saye. A shekarunka kuma, ka auna jininka kafin ka fara zabura. In akwai hawan jini ko ciwon ƙirji, likita ne zai fara ba da izini.

Batun saye: akwai mai fanka, mai tankin ruwa irin WaterRower, da mai maganaɗisu. Mai maganaɗisu ya fi shiru kuma yawanci ya fi araha, amma a masu arha nauyinsa ba ya bin ƙarfin janka, don haka bai dace da zabura ba. Ni mai fanka zan zaɓa. 'Yan'uwa biyu, Dick da Pete Dreissigacker, suka fitar da na Concept2 a 1981 a jihar Vermont ta Amurka, kuma shi ake amfani da shi a manyan gasanni. Ba ruwansa da wutar NEPA, batir biyu ne a allonsa. Yana da ƙara, kuma lokacin hunturu ƙura na taruwa a fankar, sai ana sharewa. In na hannu za ka saya, hau ka ja minti biyar: saurari sarƙar, duba ko kujerar na tafiya sumul, kuma ka tabbata allon na nuna lamba.