Amsa ga ƙaninmu mai aikin netwok da ya ce ya gaji

Assalamu alaikum 'yan gurup. Toh na saurari saƙon da ƙaninmu ya turo jiya da daddare, wanda ya ce shekara uku kenan yana aikin netwok kuma shi kaɗai ke riƙe da wayar kiran gaggawa, yanzu ko ƙarar waya ya ji sai gabansa ya faɗi, yana tambaya wai manhajojin nan da ake ta tallatawa suna rage wahala da gaske ne ko dai ya ajiye aikin kawai. Na ce bari in yi murya, ku yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Ƙanina, abin da kake ji ɗin nan ba lalaci ba ne ba kuma raki ba ne wallahi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta saka shi, da sunan burnout, a kundinta na rabe-raben cututtuka wato ICD-11, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa idan ya daɗe ba a yi maganinsa ba. Alamu uku suka ambata, ƙarfinka ya ƙare, aikin ya fita daga ranka har ka fara jin haushinsa, sannan abin da da kake yi cikin minti goma yanzu ya zame maka dutse. Duk ukun na ji su a muryarka, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Ni ma na shiga wannan halin a wani wajen da na yi aiki. Ba zan manta ba wani dare wajen ƙarfe biyu, layin faiba guda ɗaya ne ya yanke, amma saboda akwai suwic da rauta da sauran na'urori kusan arba'in a bayansa, kowacce sai da ta turo nata saƙon, waya ta dinga kuka kamar za ta fashe, ni kuma ido duk barci ina ta gungura saƙonni ina neman wanne ne asalin matsalar. Na ƙare a ɗakin saba zaune a ƙasa, sanyin esi yana ratsa ni, laftof a cinya, kebul ɗin konsol ɗin nan shuɗi a hannu, hannun yana rawa. Da safe kuma aka ce in shiga mitin ƙarfe tara. Kaga ba yawan aikin ne kaɗai ke cin mutum ba, barcin da ake yanka maka gunduwa-gunduwa ne, kuma rabin kiran ma na banza ne, kafin ka buɗe laftof abin ya dawo da kansa.

Toh nan ne na fara ganin amfanin kayan aiki, kuma ba sabon abu muka saya ba fa, Zabbix ɗin da muke da shi ne, wato manhajar da ke sa ido a kan na'urori tana turo saƙo idan wata ta faɗi, muka zauna muka gyara. Akwai inda za ka nuna masa cewa wannan na'urar ta dogara da waccan, idan uwar ta faɗi kada 'ya'yan su yi ta ihu, Nagios ma, wata manhajar sa idon, yana da irin wannan. Saƙo arba'in ya koma ɗaya. Sannan muka sa jinkiri, sai abu ya yi minti biyar a faɗe kafin a kira mutum. Muka kafa doka kuma, duk alam ɗin da ba sai ka tashi ka yi wani abu yanzu-yanzu ba, to ba na dare ba ne, ya zama tikiti ya jira gari ya waye. Dan Allah ka fara da wannan, shi ya fi komai saurin dawo maka da barcinka.

Abu na biyu da ba a cika faɗa ba shi ne tsoro. Tsoron danna enta. Kana canza konfig, wato saiti, a rautar da ke nesa da kai, kasan layi ɗaya ka kuskure ka rufe ma kanka ƙofa, kuma kowa kai zai nuna da yatsa. Wannan fargabar kullum tana cin rai sosai. Kuma kada ka ɗauka don kai ƙarami ne, ka tuna 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da Instagram da WhatsApp ɗin nan da muke ciki suka ɓace kusan awa shida? Umarni ne aka tura lokacin aikin gyara na yau da kullum, manhajar da ya kamata ta tare shi tana da matsala ba ta tare ba, hanyoyinsu na BGP, wato tsarin da ke sanar da sauran netwok yadda za a iso gare su, suka janye daga intanet, har sai da aka tura injiniyoyi cibiyoyin sabobin da ƙafarsu. Manyan ƙwararru ne fa. Saboda haka abin da kake buƙata hanyar komawa baya ce. Idan na'urar Juniper kake taɓawa ka riƙe umarnin commit confirmed, idan ba ka tabbatar ba cikin minti goma da kanta za ta koma tsohon saiti. A na'urar Cisco kuma akwai umarnin reload in, ka sa minti goma kafin ka fara kada ka yi sebin, idan ka kulle kanka a waje za ta sake tashi da tsohon konfig, idan komai lafiya ka soke. Ka sa manhajar Oxidized ko RANCID tana ɗebo bakof na saitin duk na'urorinka tana zubawa a Git, wato ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, ranar da abu ya lalace kawai ka duba me ya canza tsakanin jiya da yau, ba sai ka yi ta kiran mutane kana tambayar wa ya taɓa ba. Ranar da na fara aiki da waɗannan wallahi ji na yi kamar an sauke min dutse daga ƙirji.

Sai maimaita abu ɗaya da hannu, wai ka shiga suwic ɗari ɗaya bayan ɗaya don canza layi guda, wannan aikin Ansible ne, shi ke tura canji ga na'urori da yawa a lokaci guda. Amma a hankali fa, don yadda yake yin daidai a ɗari haka zai yi kuskure a ɗari cikin daƙiƙa kaɗan, ka fara da sikirif mai karantawa kawai, sannan ka gwada a na'ura biyu. Lambobin IP da wanne kebul ya shiga ina kuma ka zuba su a NetBox, manhajar ajiye bayanan netwok, su fita daga kanka, domin muddin a kanka kaɗai suke ko hutu ka tafi sai an kira ka.

Amma ƙanina zan faɗa maka gaskiya, mutum ɗaya da wayar gaggawa shekara uku, babu manhajar da za ta gyara wannan. Kuma na ga inda aka jibga wa mutane dashbod biyar kowanne da nasa alam, gajiyar ta ƙaru. Google ma da duk kayan da suke da shi sun sa wa injiniyoyinsu masu kula da tsayuwar sabis iyaka, aikin hannu mai maimaituwa kada ya wuce kashi 50 na lokacinsu, kuma a shif na awa 12 kada matsalar da mutum zai bi ta wuce biyu. Toh ka ɗauki sati huɗu kana rubutawa, ƙarfe nawa aka tashe ka, me ya faru, ka yi wani abu ko da kansa ya dawo. Ka kai wa oganku wannan takardar, ka nemi a samo na biyu ku dinga karɓa-karɓa sati-sati, kuma daren da aka tashe ka a ba ka safiyar ka rama barci. Idan ya ga lissafi a rubuce ya fi saurin ji da ka ce masa na gaji kawai. Idan kuma an gani an ƙi, neman wani wajen ba abin kunya ba ne, hannunka da sana'a. Sannan faɗuwar gaban nan da rashin barci idan sun ci gaba dan Allah ka je ka ga likita, kada ka yi wasa da shi.

Yanzu dai ka turo min jerin alam ɗin da suka shigo maka satin da ya wuce, ka goge lambobin IP da sunan wajen aikinku tukuna, ranar Asabar in Allah ya kai mu mu zauna ta bidiyo mu tace su tare.