Likita, kwikwiyon da na saya Alsatian ne ko an yi min wayo?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na sayi ɗan kwikwiyo a bakin titi don gadin gonata, mai sayarwar har rantsuwa ya yi min wai Alsatian ne zalla. Yanzu watansa 7, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, gashinsa gajere ja-ja, bakinsa baƙi, jelarsa kuma tana lanƙwashewa sama kan bayansa. Ta yaya zan gane jinsinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Gaskiya tun daga maganar jelar nan na fara zargin karenka ruwa biyu ne, wato akwai jinin Alsatian akwai kuma na karen gida irin namu. Shi Alsatian na asali, wanda ainihin sunansa German Shepherd, a Jamus aka kafa jinsinsa a 1899, Turawan Ingila ne suka sa masa Alsatian bayan yaƙin duniya na ɗaya, to jelarsa mai kauri ce cike da gashi kuma ƙasa take sauka kamar takobi, ba ta naɗewa kan baya. Naɗewar nan ta karnukanmu na gida ce.

Sai gashi. Ka sa yatsunka ka buɗa gashin wuyansa ka leƙa ciki, na asali gashinsa hawa biyu ne, na sama mai ɗan kaushi, na ƙasa mai laushi kamar auduga, shi ya sa suke shan wuya lokacin zafin Maris da Afrilu. In ka buɗa ka ga fata nan take to babu hawa na biyun. Kunne kuwa kada ka yanke hukunci da shi shi kaɗai, don lokacin da kwikwiyo ke sake haƙora kunnen kan tashi ya sake faɗuwa, amma dai yawanci zuwa wata 6 sun miƙe duka biyun. Ka kuma ɗora shi a sikeli, namijin Alsatian in ya gama girma yana kai kilo 30 zuwa 40, a wata 7 ya kamata a ce ya haura 20.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne kwikwiyo ɗan sati shida duk kamarsu ɗaya, dunƙulalle mai baƙin baki da manyan dagi, ni kaina da nake wannan aiki kullum ba na yarda in rantse a kan ɗan jariri. Shi ya sa nake ce wa duk mai saye ya je har gidan ya ga uwar da idonsa, ya tambayi uban, in mai sayarwa ya fara kame-kame to ka riƙe kuɗinka. Hanyar da ta fi tabbas ita ce gwajin DNA, ana goga auduga cikin kumatun kare a aika wa kamfanoni irin Embark ko Wisdom Panel a Amurka, sai dai kuɗin zai iya fin abin da ka sayi karen, kuma don gadin gona ban ga amfaninsa ba.

Kuma malam kada ranka ya ɓaci, wallahi yana damuna yadda muke raina namu. Karen nan Azawakh na Buzaye da ke Nijar da Mali, dogo siriri wanda haƙarƙarinsa ke bayyana har mutane su ɗauka yunwa ce, Turawa nemansa suke da kuɗi mai yawa. Ruwa biyu irin naka ya fi jure rana da kaska da abincin gida, gadi kuma horo ne ke kawo shi.

Tunda a bakin titi ka saye shi ina kyautata zaton ba a ba ka katin rigakafi ba, ka kai shi asibitin dabbobi cikin satin nan a yi masa allurar haukan kare, wadda tun yana wata 3 ya kamata ya samu, da ta parvo, wato cutar da ke sa kwikwiyo amai da gudawar jini, da maganin tsutsar ciki. In ka je ka ce wa likitan ya duba maka gashin da nauyin a gabanka.