Kallabi, gyale, mayafi: wanne ake ɗaurawa, wanne ake yafawa?

Wata ɗaliba daga unguwar Birni a nan Damagaram ta aiko tana cewa: "Malam, kakata adiko take cewa, mahaifiyata kallabi, ƙawayena da ke zuwa Kano kuma ɗankwali. Akwai bambanci ne? Gyale da mayafi fa, su ma dangin su ne?"

Ƴata, adiko da kallabi da ɗankwali abu guda ne, wato ƙyallen da mace ke ɗaurawa a kai. A ƙara da fatala, ita ma tsohuwar kalma ce. Bambancin na gari ne da zamani, kuma kada ki bari a ce miki Hausar kakarki ƙauyanci ce don bakin Kano ya fi yawa a waya. Ɗankwali kalma ce harɗaɗɗiya, ɗan da kwali. Masu bayani kan ce daga kwalin da ake sayar da shi a ciki ya samo suna.

Gyale da mayafi kuwa wani gida ne daban, kuma hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce ki saurari aikatau ɗin da ke tafiya da kowace kalma. Kallabi ɗaura shi ake yi. Gyale yafa shi ake yi. Hijabi sa shi ake yi kamar riga. Ba za ki ji Bahaushiya ta ce ta yafa kallabi ba, sai dai in sauri ya hana ta ɗauri, ta ɗora shi kawai ta fita. Mayafi ma daga "yafa" ya fito, a kan ƙirar sunan kayan aiki irin mabuɗi daga buɗe, da marufi daga rufe. Lulluɓi daga lulluɓe ne, kuma da zane iyayenmu ke yin sa. Gyale na kama da "gele" ta Yarabawa, amma a can ɗaurin kai ne, a nan kuwa ya sauko kafaɗa.

Hijabi Larabci ce, asalin ma'anarta shamaki. A aya ta 31 ta Suratun Nur ma kalmar da ta zo ita ce jam'in "khimar", wadda muka mayar himar. Wannan ɗinkakke da ya cika Kasuwar Dole yau baƙo ne idan aka gwada shi da lulluɓi: makarantun Islamiyya da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa shi.

Wani tela daga Zango shi kuma karin magana ya tambaya: me ake nufi da "kallabi tsakanin rawuna"?

Malam tela, ai mace ɗaya ce a cikin taron maza, musamman taron manya, domin rawani na sarakuna da malamai ne. An ɗauki abin da ke kan mutum an kira shi da shi. Yabo ne galibi. Ni dai ina jin ɗan mamaki a cikinsa, kamar ana cewa me ya kawo ta nan. Mu mutanen Damagaram da ke zaune da Buzaye mun san wani tsarin, inda namiji ne ke rufe baki da hanci da amawali, mace ta bar fuskarta a buɗe.

Ka kuma tambayi "ture-ka-ga-tsiya". Sunan salon ɗauri ne, wanda ake turo shi gaba ya sauko goshi, kuma jimla ce sukutum ta zama suna: ka kuskura ka ture, ka ga abin da zai biyo baya. Wasu salon kuwa sunan mutum suke ɗauka, kamar ɗaurin Maryam Babangida, matar shugaban Najeriya na 1985 zuwa 1993. Ta rasu a 2009, amma har yau ana kiran ɗaurin da sunanta.